Hangum ɗin Hamsatu

Ni na raɗa mata suna, amma ba da niyya ba. Kunnena ne ya yi aikin.

Bayan ƙaramar salla da kwana biyu Halliru ya zo Anka daga Kaduna, ya shigo gida riƙe da ɗan kejin waya lulluɓe da tawul. Halliru ƙanen surukata Hindu ne, irin mutanen nan da ba sa zuwa hannu rabbana, amma kuma ba sa kawo abin da za a sa a tukunya. Bara agogon bango ya kawo mai cara kamar zakara. Bana da ya ɗage tawul, sai ga wata 'yar halitta launin gasasshiyar gyaɗa, ba ta cika tafin hannu ba, ba ta da wutsiyar kirki, tana ta murza hanci.

Na ce, "Halliru, ɓera ka kawo muna? Ai muna da su cike da ɗakin hatsi."

"Iya, ba ɓera ba ne. Hamsta ake ce mata."

"Hamsatu?"

"Hamsta."

"To ai abin da nic ce ke nan. Hamsatu."

Jikata Rumaisa, 'yar shekara bakwai, tana tsaye a bayan uwarta. Ta rufe baki da hannu ta yi dariyar da ba ta da sauti, domin haka take dariya. Daga ranar suna ya bi dabba. Halliru ya ce ma mai yiwuwa namiji ne, na ce ya makara, an riga an yi suna.

Sai na ɗan koma baya, domin wanda bai san gidanmu ba zai yi wa Hindu mummunar fahimta. A ƙauyen Duza muke zaune shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje. Maza su kawo duwatsu daga rami, a daka a tsakar gida ana neman zinare, ƙura ta sauka kan tabarma da kwanon tuwo da tafin hannun yara. Ba wanda ya san mutuwa ce muke dakawa. Khalifa, ɗan farin Hindu, yana da shekara biyu lokacin. Zazzaɓi, sai jijjiga, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Mu dai muka taso muka dawo Anka, kuma kafin a sa ƙofar ɗaki Hindu ta sa ɗana Nuruddeen ya malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango.

An daɗe kafin a samu Rumaisa. Da aka same ta, ƙafarta ba ta san ƙasa ba. Takalmi daga tashi barci har kwanciya. Makaranta, Islamiyya, gida. In yaran maƙwabta suna wasan gala-gala a ƙofar gida, ita tana zaure tana leƙe ta tsagin ƙyaure. Hannunta kuwa ana wanke shi har ya yi fari. Na sha yin niyyar magana, sai in dubi fuskar Hindu in haɗiye.

To kun ga mai wannan hali an kawo mata dabba cikin gida. Da ƙyar ta yarda, shi ma don ta ga yadda ɗiyarta ta tsuguna gaban kejin ta manta da kowa. Amma sai da ta gyara kejin yadda ranta ya kwanta. Halliru ya zo da shi shimfiɗe da dusar katako mai kauri. Hindu ta ɗebo da hannu, ta ga tana tashi a iska, ta juye duka a shara. Ta wanke keji da sabulu, ta shimfiɗa takarda guda ɗaya fara tas, ta ajiye murfin gwangwani na gero da na ruwa. Shi ke nan gidan Hamsatu.

Makon farko lafiya lau. Rumaisa ta dawo daga makaranta ta cire jaka ta zauna gaban keji, tana ba ta labarin wanda malam ya daka da wadda ta zo da sabon hijabi. Ni da nake kakarta ban taɓa jin ta jera magana haka ba. A mako na biyu Hamsatu ta fara gwaguyar wayar keji, ƙar, ƙar, ƙar, ba hutu. Ta bari ta kama kai da komo, kusurwa zuwa kusurwa, hanya ɗaya, kamar mai jiran haihuwa a bakin asibiti. A mako na uku ta bar duka. Sai ta dunƙule a lungu ta juya wa duniya baya. Ko Rumaisa ta miƙa mata ganyen zogale, sai ta ɗaga kai ta mayar.

Wata rana da almuru, ina alwala, na ji Hindu ta yi salati.

"Iya, ku zo ku gani!"

Na je da ruwa a fuska. Hamsatu tana tsakiyar keji, kumatunta biyu sun kumbura suntum, daga ƙasan kunne har kafaɗa. Kanta ya ninka biyu.

Hindu ta janye Rumaisa baya da ƙarfi. "Hangum ne. Wallahi hangum ne. Haka ɗiyar maƙwabciyarmu Shamsiyya ta yi bara."

Ni ma, gaskiya, abin da na gani ke nan. Na goyi yara na goyi jikoki, na san hangum in na gan shi.

Hindu ba ta ɗaga murya. Ta ɗauki waya ta kira Auwal, direban da ke lodi zuwa Kaduna ranar kasuwa, ta ce akwai saƙon da zai kai wa Halliru. Kasuwa saura kwana huɗu. Ta juyo ta ce wa Rumaisa, "Ba ki ƙara taɓa ta. Ran kasuwa ta koma inda ta fito."

Na jira yarinyar nan ta yi kuka, ta yi birgima, ta yi abin da ɗan shekara bakwai ke yi. Sai ta ce, "To, Inna." Ta je ta wanke hannu ba a ce ta wanke ba, ta zauna bakin ƙofa ta haɗa gwiwoyi. Wannan "to" ɗin ya fi kuka tayar mini da hankali.

Na ce wa Hindu, "Kawo kejin ɗakina. Ni na yi hangum tun ana kashe ahu, ba ya komowa."

Washegari na tashi da niyyar magani. A zamaninmu in yaro ya yi hangum, gidan zanzaro ake ɓamɓarowa a jiƙa a shafa masa a kunci. Na hau kujera na ɓamɓaro guda a bayan ƙyauren ɗakin girki, na jiƙa a ludayi, na samo gashin kaza na shafawa. Hindu ta leƙo ta ga laka a hannuna, ta ce, "Iya, ƙasa ce fa." Na ce ƙasar zanzaro ce, shi ba ya haƙar zinare. Ba ta yi dariya ba. Hamsatu ma ba ta ba ni haɗin kai ba, ta kama gashin kazar ta ja cikin keji ta zauna a kai. Da na duba kuma, kumburin ya sace. Na ce kai, wanga magani tun ba a shafa ba ya fara aiki. Da almuru sai kunci ya sake tashi, har ya fi na jiya.

Asubar kwana na biyu ne na gane. Na idar da salla ina zaune da carbi, gari ya fara haske, sai na ji motsi. Hamsatu ta je murfin gero tana ɗauka tana turawa baki, ba ta tauna, turawa kawai take yi, kunci yana cika ina kallo. Da ya yi tam ta ja jiki zuwa lungu, ta sa 'yan hannayenta biyu a bayan kunne ta matso gaba. Gero ya zubo busasshe, ƙwaya ƙwaya. Fuska ta koma daidai. Sai ta hau yagar takarda tana turawa kan geron da hanci, tana son ta rufe shi, takarda ba ta isa ba. Ta kama tonon ƙasan keji da farce, ƙarfe yana amsawa. Ta tona, ta tona, ta gaji, ta kwanta a kan geron.

Na yi dariya har carbi ya faɗi. Sannan na matsa na sake dubanta.

Ai gafiya ce! Ƙanwar gafiya ce ta birni. Ina yarinya, in an fasa ramin gafiya a gindin rumbu, har mudu guda na gyaɗa ake samu, duk a kunci ta kwaso. Ɗaki ɗaya na kwana, ɗaki ɗaya na ajiya, hanyoyi kamar unguwa. Halittar da Allah ya yi don tono da ɓuya da kai-kawo, mun ɗauke ta mun zaunar a kan farar takarda, abinci a gabanta, ba abin nema, ba abin yi. Ba ciwo take yi ba. Zama ne ya ishe ta.

Da hantsi na sa aka kira mini Halliru a waya. Na ce, "Kai, wagga dabba taka, mi take yi a garinsu in ta tashi?"

Ya ce, "Gudu, Iya. Akwai wani abu kamar tayar keke da ake sa mata, ta shiga ciki ta yi ta gudu tana juya shi. Na ga shi a shagon, na manta ban ɗauko ba. Kuma tana son tono. Dusar da na sa mata fa?"

Na ce, "Tana bola. Kai kuma Allah ya shirye ka."

Ban gaya wa Hindu komai ba tukuna. Na san in na ce mata ba hangum ba ne, za ta ce Iya tana son faranta wa jika. Sai ta gani da idonta. Na yafa mayafi na ce Rumaisa ta raka ni gidan Labbo. Hindu ta duba takalmin yarinyar sau biyu kafin ta bari.

Labbo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, sana'arsa rariya. Shekara hamsin yana lanƙwasa siririn katako yana ɗaura masa raga, duk garin tuwon da aka tankaɗe a unguwarmu ta hannunsa ya bi. Muka same shi a zaure cikin tarin da'irori.

"A'a, Uwani! Har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran in ci gumbarka tukuna. Tashi ka yi aiki."

Na yi masa bayani. Ya saurara baki buɗe, haƙoransa uku a waje.

"Tsaya. Rariya kike so, amma ba ta tankaɗe ba."

"I."

"Ta tsaya a tsaye."

"I."

"Ɓera ya shiga ciki ya yi gudu."

"Ba ɓera ba ce. Hamsatu."

"Ya yi gudu ya je ina?"

"Ba ta zuwa ko'ina."

Ya dubi Rumaisa. "Ɗiyata, tun yaushe kakarki ta fara haka? An kai ta an yi mata rubutu?"

Rumaisa ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Sai ta ce a hankali, "Baba Labbo, in ba ta warke ba ran kasuwa za a tafi da ita."

Labbo ya daina dariya. Ya jawo ƙaramar rariya, irin ta tankaɗe yaji, faɗinta kamar tazarar hannu, ya juya ta ya duba. Ya ce raga ba ta riƙe ƙusa, sai an gicciya mata katako a baya. Ya gicciya, ya huda tsakiya, ya zaro waya guda daga tsohuwar ƙafar keke ya zura, ya kafa a jikin guntun katako mai nauyi. Ya tura da yatsa. Abin ya yi rabin juyi ya tsaya yana ƙugi. Ya kwance, ya faɗaɗa hudar, ya ce Rumaisa ta ɗiga man gyaɗa da tsinke. Ta ɗiga. Ya ce ta hura. Ta kumbura kunci ta hura, rariya ta kama juyawa shiru, kamar ba za ta tsaya ba.

"Kin ga," in ji Labbo, "ke ma hangum ya kama ki."

Sauran kaya a gida muka tattara, ni da ita, cikin kwana guda. Akwai tsohon daron ƙarfe mai zurfi da na yi aure da shi, gindinsa ya fara tsatsa ya bar riƙe ruwa. Na zuba ƙaiƙayin gero har rabi, bayan na sheƙe shi sau uku ƙura ta fita, na gauraya da ɓawon gyaɗa. Rumaisa ta tono zunguruna na lalle daga ƙarƙashin gado, muka yanke masa gindi ya zama hanya mai baki biyu, muka turbuɗa shi cikin ƙaiƙayi. Ta kife ƙoƙo ta ce a fasa masa ƙofa, wai ɗakin amarya. Ta kawo karan dawa na gwaguya. Ita ce ma ta ce kada a sa gero a murfi, a warwatsa a ɓoye, Hamsatu ta nema da kanta. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ba kowa, ita dai in da ita ce haka za ta so.

Jajiberin kasuwa, bayan la'asar sakaliya, na fito da daro tsakar gida na ajiye, na ɗauko keji. Hindu tana tsintar shinkafa. Ta ga ƙaiƙayi a kan simintinta, ta ajiye faranti.

"Iya, mi ne ne wanga?"

"Zo ki zamna. Ki ba ni daga yanzu zuwa kiran magariba. In kin ga ciwo, gobe ni da kaina zan miƙa wa Auwal."

Na zuba gero a murfi na tura cikin keji. Hamsatu ta yi kamar ba ta gani ba. Na ce a raina, wagga baiwar Allah, yau za ki kunyata ni? Muka zauna. Ladan na unguwar gabas har ya fara gwada lasifika. Can ta miƙe, ta yi miƙa, ta je ta hau cusa gero. Kunci ya tashi a gaban idon Hindu. Ta koma lungu ta matse shi ya zubo.

Hindu ta daɗe tana kallon geron. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta ce, "To ba hangum ba ne. Amma ai ba ta da lafiya, Iya. Kwana nawa tana kwance? Kuma wanga abu," ta nuna daro, "ƙura ce. Yarinya za ta sa hannu ta sa a baki."

"Ƙaiƙayin geron da kika yi muna tuwo da shi jiya ne."

"Ƙura dai ƙura ce."

Na ce Rumaisa ta je ɗakina ta ɗauko mini carbi, kuma ta neme shi da kyau, don na san yana aljihuna. Da ta shige na matsa kusa da Hindu.

Na ce, "Hindu, nan ba Duza ba ne."

Ba ta dube ni ba. Tun da aka yi abin nan ba ta taɓa ambaton yaron a gabana ba, ga kunyar ɗan fari, ga ciwo. Ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Ni nis shimfiɗa shi a ƙasa, Iya. Gefen turmi. Don in riƙa ganinshi ina daka."

"Ni kuma nib ba shi 'yan duwatsun yana wasa, don ya bar ki ki yi aiki. Kin manta? Ina tuna launinsu har yau. In laifi ne, mu biyu ne, da duk matan garin. Ba mu sani ba. Yanzu mun sani, mun san wace ƙasa ce, mun san daga ina take. Ba duka ƙasar Allah ba ce."

Ta share ido da bakin zane. Na nuna mata keji.

"Dubi abin nan. Wanke shi kike kullum. Ba ƙura, ba datti, abinci a gabanta. Mi ya rage mata? Amma kin ga yadda ta koma."

Ban ƙara ba. Ban ce ta dubi wani ba. Rumaisa ta fito ta ce ba ta ga carbi ba, ta tsaya bakin ƙofa ta haɗa hannu a baya, takalmi a ƙafa, tana jiran a ce ta matso. Hindu ta ɗaga kai ta dube ta, ta daɗe.

Ta ce, "Zo ki sa ta ciki da hannunki."

Rumaisa ta buɗe keji, ta tallabo Hamsatu ta sauke cikin daro. Dabba ta sandare. Hanci kawai ke motsi. Ta taka ɓawon gyaɗa ya yi ƙara, ta zabura. Ta shinshina kara, ta shinshina ƙoƙo. Sai ta sa kai cikin ƙaiƙayi, ƙafafun baya suka hau watsi, kafin mu ce wani abu ta nutse ɗungum.

"Kaka, ta ɓace! Za ta shaƙe!"

"Bar ta. Gida take gini."

Saman ƙaiƙayi yana motsi kamar ana tafiya a ƙarƙashin bargo. Ya bi nan, ya karkata can. Sai ga ta ta ɓullo ta bakin zunguru, ƙaiƙayi a ka kamar ta ɗaura ɗankwali, kunci ɗaya cike da geron da ta tsinto. Ta koma ta sake fitowa ta ɗaya bakin. Sau uku tana wuce rariyar Labbo ba ta kula ba. Na fara shirya zagin da zan kai masa. A karo na huɗu ta ɗora hannu, abin ya motsa, ta ja da baya. Ta sake ɗorawa. Ta hau. Ta yi taku biyu rariya ta juya ta kifar da ita a ƙaiƙayi, ƙafafu sama.

Ta tashi ta koma. Wannan karon ta kama. 'Yan ƙafafun nan suka ɓace don sauri, rariya tana juyawa fir, tana feshin ƙaiƙayi.

Nan Rumaisa ta yi dariya. Ba wadda ake rufe wa baki ba. Dariya mai sauti, har da shiɗewa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko an yi baƙi. Rumaisa ta tashi tana tsalle tana zagaya daro, wai tsere suke yi da Hamsatu, takalmi ɗaya ya fice ya yi gefe. Ta tsaya cak ta dubi uwarta.

Hindu ta dubi takalmin. Ta miƙa hannu ta ɗauka, ta riƙe a cinya.

"Ci gaba mana, ta wuce ki."

Ladan ya kira salla ba wanda ya motsa, sai da na kore su.

Da safe Auwal ya tsaya ƙofar gida yana danna ham. Hindu ta aika masa da kejin waya, wankakke, ba kowa a ciki, ta ce ya kai wa Halliru ya ce an gode, Hamsatu ta yi ƙaura. Ta haɗa da ƙullin yajin daddawa don kada ya ce an yi masa rowa.

Ba zan ce muku Hindu ta sauya rana ɗaya ba. Har yau sau uku take share tsakar gida, kuma duk wanda ya taɓa daro sai ya wanke hannu da sabulu, har ni. Wannan kam ban ga laifinsa ba. Amma ta shiga aikin. Ita ta lura cewa in an bar kayan daro wuri ɗaya mako guda, Hamsatu tana rage zumuɗi, don haka duk Juma'a ake sauya wa zunguru mazauni, a kawo sabon kara, a rataya guntun karas da zare yadda sai ta miƙe tsaye kafin ta kai. Labbo ya zo da kansa ganin rariyarsa, ya tsuguna har gwiwa ta riƙe, ya ce shekara hamsin bai taɓa samun mai amfani da kayansa da gaskiya irin wannan ba.

Wata guda bayan haka Halliru ya faɗa a waya cewa irin su Hamsatu suna wanka da yashi, ba da ruwa ba. Na zaci Hindu za ta ce a'a.  Da Nuruddeen zai tafi Gummi wurin aiki, sai na ji tana ce masa ya samo yashin gulbi, daga wurin da ya tabbatar ba a taɓa wanke dutse ba, ya tambayi mutanen wurin, kada ya ɗebo a ko'ina. Ya tambaya kwano nawa. Ta ce buhu biyu.

Ya ce, "Buhu biyu? Don ɓera?"

"Ba ɓera ba ce," in ji ta. "Kai dai kawo."

Ya kawo a bayan babur. Ta wanke yashin nan ta shanya, ta sake wankewa ta sake shanyawa, har na ce zai narke. Ta cika ƙaramin ƙoƙo ta sa a daro, Hamsatu ta shiga tana birgima. Sauran kuwa ta sa aka jera bulo huɗu a kusurwar tsakar gida, inda inuwar darbejiyar maƙwabta ke sauka, aka juye a ciki.

Rumaisa ta tsaya a bakinsa ba ta san yadda ake yi ba. Ni na cire nawa takalmin, na zauna da ƙyar, na yayyafa ruwa, na turbuɗa ƙafa na dandanna yashi a kai, na zare a hankali, ɗaki ya tsaya da ƙofarsa. Ta gwada, nata ya rushe. Ta sake, ya rushe. Hindu tana bakin murhu tana kallo ta gefen ido, har ta kasa haƙuri.

"Ruwan ya yi kaɗan. Iya, ku ma kun manta. Matsa in nuna miki."

Ta ajiye muciya ta zo.